Yadda Ake Tsayar da Jini a Tiyatar Zuciya da Kayan da Ake Ɗorawa a Kan Rauni

Wannan bayani na nas ne da ya fara tsayawa a teburin kayan aiki a ɗakin tiyatar zuciya, da ƙaramin likita da ya fara riƙe wa babba. Bai maye gurbin takardar da ke cikin kowane kwali ba, haka kuma umarnin likitan da ke jagorantar aikin shi ne gaba.

Marar lafiyar da aka ɗora a kan injin zuciya da huhu ya fi kowa saurin zubar da jini, kuma dalilan a fili suke. An ba shi hefarin mai yawa, wato maganin hana jini daskarewa, yunit 300 zuwa 400 a kan kowane kilo na nauyinsa, har gwajin ACT, mai auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, ya haura daƙiƙa 480. Jininsa ya yi ta zagaye a cikin robobi, ƙwayoyin faletilet, masu toshe rauni a jijiya, sun gaji. Ruwan da aka cika injin da shi ya tsinka jinin, an kuma sanyaya jikinsa. A wajenmu akwai ƙari: da yawa daga masu zuwa canjin bawul ciwon zuciya na rumatik ne ya kawo su, sun zo a makare, hanta ta kumbura da jini ba ta samar da sinadaran daskarewa yadda ya kamata, wasu kuma sun daɗe a kan wafarin, maganin tsinka jini. Ga shi faletilet ba kullum ake samunsa a ma'ajiyar jini ba.

Duk da haka, ka riƙe wannan tun daga farko: jinin da ke fitowa daga rami ɗinki yake so. Kayan da za mu yi magana a kansu na jinin da ke tsattsafowa ne, da ramukan allura, da wuraren da ɗinki zai ƙara yagawa.

Kayan da za ka tanada

Na kullum, waɗanda ba a fara aiki sai suna kan tebur: zaren Prolene 4-0 da 5-0 da 6-0, ƙananan facin Teflon da ake tokare ɗinki da su, ƙananan kilif na jijiya, dayatami (na'urar ƙona bakin jijiya da lantarki), goz busasshe da jiƙaƙƙe, ruwan salin mai ɗumi, hantsaki busasshe guda biyu da ka ware, da sakshan na bango wanda jininsa zubarwa ake yi.

Sai kayan tsayar da jinin kansu. Gida huɗu ne.

Gida na farko, masu toshewa kawai, waɗanda ke ba jinin marar lafiya wurin da zai kama ya daskare. Akwai kakin ƙashi, wanda asalinsa kakin zuma ne, kuma tun 1892 Victor Horsley ya shigo da shi tiyata. Akwai Surgicel, ƙyalle ne na selulos daga tsiro. Akwai soson jelatin irin su Gelfoam da Spongostan, da garin kolajin irin Avitene, da garin sitaci irin Arista. Ban da kakin ƙashi, waɗannan duka sai jinin marar lafiya yana da sauran ƙarfin daskarewa suke aiki sosai.

Gida na biyu, masu ɗauke da turombin, sinadarin da ke juya fibirinojin ɗin da ke cikin jini ya zama gudan jini. Floseal da Surgiflo ke nan, jelatin ne da ake kwaɓawa da turombin ya zama mai kauri, ana matsa shi da sirinji. Suna aiki ko da sauran hefarin a jiki, amma suna buƙatar fibirinojin ɗin marar lafiya.

Gida na uku, gam ɗin fibirin, irin Tisseel da Evicel, da faci mai suna TachoSil. Su sun zo da fibirinojin da turombin nasu, don haka ba su dogara da jinin marar lafiya ba.

Gida na huɗu, masu liƙewa kamar BioGlue da Coseal. Ba ruwansu da daskarewar jini, rufe layin ɗinki suke yi kafin a saki jini ya bi ta wurin.

Ba dole ne ka samu duka ba. Ɗakin da ke da kakin ƙashi, Surgicel, soson jelatin da ko guda ɗaya daga gida na biyu ko na uku zai iya yawancin aiki.

Mataki na 1: Kwana ɗaya kafin aiki

Duba fayil ka ga yaushe aka tsayar da magungunan tsinka jini. Kulofidogirel ana son a bar shi kwana 5 kafin aiki, tikagirelo kwana 3, firasugirel kwana 7, wafarin kuma kamar kwana 5 tare da duba INR, gwajin da ke nuna yadda wafarin ya tsinka jini. Ka tambayi marar lafiya da kanka, har da maganin gargajiya da abin da yake saye a kemis don ciwon jiki, domin ba kowa ke ɗaukar waɗannan a matsayin magani ba.

Tambaya ta biyu: an taɓa yi masa tiyatar zuciya? In an taɓa, a nemo abin da aka sa masa. Tisseel yana ɗauke da afurotinin, maganin hana gudan jini narkewa, kuma wanda jikinsa ya taɓa haɗuwa da shi, musamman cikin shekara guda, yana iya yin mummunar alaji. Turombin na shanu kuma yana sa jiki ya ƙirƙiri garkuwar da ke far wa sinadarin daskarewa na biyar, abin da kan jawo zubar jini daga baya.

Akwai maganar da ake yawan tsallakewa, bai kuwa kamata ba. Gelfoam, Spongostan da Surgiflo daga jelatin ɗin alade ake yin su. Floseal da Avitene da BioGlue daga shanu, kolajin ɗin TachoSil daga doki, Surgicel da Arista daga tsiro. Hefarin ɗin da ke kasuwa ma galibinsa daga hanjin alade ne. Yawancin marasa lafiyarmu Musulmi ne, kuma hakkinsu ne a gaya musu a lokacin neman amincewa, a bar su su tambayi malamin da suka yarda da shi a kan hukuncin larura. A ganina inda akwai zaɓi mai aiki iri ɗaya, a ɗauki wanda ba zai dami zuciyar mutum ba.

Daga nan ka leƙa sito. Duba ranar lalacewa. Da yawa daga kayan nan ba sa son zafin da ya wuce digiri 25, kuma kowa ya san yadda ɗakin ajiya marar na'urar sanyaya ɗaki yake a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu. Gam ɗin fibirin da ke cikin firiza, in wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa, ya tashi aiki.

Mataki na 2: Lokacin buɗe ƙirji

Da an raba ƙashin ƙirji, jini zai fito ta wuri biyu: fatar ƙashin ta sama da ta ƙasa, da ɓargon tsakiya. Na fatar ƙashi dayatami ne maganinsa, ɗigo-ɗigo a inda jinin yake, ba a ƙona layin gaba ɗaya, don ƙashin da aka kashe wa hanyar jini ba ya haɗewa.

Na ɓargo shi ake sa wa kaki. Ka murza ɗan ƙarami a yatsunka ya yi laushi, ka miƙa shi a kan goz ko a bayan hantsaki. A shafa siriri, a kankare ragowar. Kuskuren sabon hannu shi ne cusa kaki har ya cika ɓargon. Jiki ba ya narkar da kaki, yana hana ƙashi haɗewa, yana kuma ba ƙwayoyin cuta mafaka. Ga mai ciwon suga, ko tsoho mai ƙashi marar ƙwari, ko wanda aka ciro masa jijiyoyin bayan ƙirji duka biyu, a rage shi iya ragewa. Inda akwai Ostene, wanda ke narkewa da kansa, ya fi. Wasu likitoci kan kwaɓa garin bankomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ɗan salin su shafa a bakin ƙashin lokacin rufewa. In babu ko ɗaya, goz a naɗe a bakin ƙashin a ƙarƙashin ƙarfen buɗe ƙirji yana rage jinin ƙwarai.

Mataki na 3: Abin da ake sawa kafin a saki jini

BioGlue da Coseal lokacinsu yana zuwa ne tun awota, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, tana matse, wurin a bushe, babu matsin jini. An fi buƙatar su a aikin awota da ta tsage, da ɗinkin da aka yi a nama mai rauni. In aka jira har jini ya fara fita sannan aka zuba su, kamar shafa fenti ne a bangon da ruwa ke bi.

BioGlue haɗin albumin ɗin shanu ne da gulutaraldihaid. Ka ɗaura bakinsa, ka matsa kaɗan a kan goz don iska ta fita kuma ruwayen biyu su gauraya, sannan ka miƙa nan take, domin yana fara kamawa cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, ya gama cikin minti 2. In aka dakata, bakin ya toshe, sai a canza wani. Kafin a zuba, a kewaye wurin da jiƙaƙƙen goz. Gulutaraldihaid yana ƙona abin da ya taɓa: jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, da wurin da bugun zuciya ke tasowa kusa da bakin babbar jijiyar sama, da ganyen bawul. A tsayar da bututun da ke zuƙe jini daga cikin zuciya na ɗan lokacin, don kada ya jawo gam ɗin ciki ta ramukan allura. Ba a zagaye jijiyar yaro da shi, saboda jijiyar za ta girma, gam ɗin ba zai girma ba.

Coseal kuma kumbura yake yi, har ninki huɗu cikin kwana guda. Siririn shafi ya isa, kuma a nisanta shi daga jijiyar da aka dasa wa zuciya.

Mataki na 4: Bayan sauka daga inji, a gyara jinin tukuna

Nan ne aka fi asarar kuɗi. An sauka daga inji, ko'ina yana tsattsafo da jini, wani ya ce a buɗe Floseal. Ka dakata. Furotamin, maganin da ke karya ƙarfin hefarin, bai gama shiga ba.

Ana ba da furotamin a hankali, kamar miligiram 1 ga kowane yunit 100 na hefarin, sannan a sake ACT a ga ya dawo kusa da inda yake kafin a fara. Yawansa ma illa ne, furotamin da ya wuce kima shi kansa yana hana jini daskarewa. Da an fara shi, a sanar da mai kula da inji da babbar murya, a kashe sakshan ɗin da ke mayar da jini cikin inji bisa ƙa'idar ɗakinku.

Ka saurari abin da likitan sa barci ke faɗa. Zafin jiki ya kai digiri 36? Kalsiyam mai aiki ya haura milimol 1.1 a lita? Jinin bai yi tsami ba? Fibirinojin bai faɗi ƙasa da giram 1.5 zuwa 2 a lita ba? In fibirinojin ya yi ƙasa sosai, turombin ba shi da abin da zai juya ya zama gudan jini, ka ga Floseal ɗin da aka buɗe ya tafi a banza. Ka kuma duba cikin ƙirjin da idonka: in minti goma bayan furotamin babu gudan jini ko ɗaya, matsalar daga jinin take, maganinta filasma ne ko kirayo (ɓangaren filasma mai yawan fibirinojin) ko faletilet.

Tiranekzamik asid, maganin hana gudan jini narkewa, ta jijiya ake ba da shi tun farkon aiki, kuma amfaninsa tabbatacce ne, sai dai yawansa na kawo farfaɗiya bayan aiki. Wasu sun koma zuba shi cikin ƙirji maimakon jijiya don guje wa hakan. Babban gwajin DEPOSITION da aka wallafa a 2024 ya nuna waɗanda aka zuba wa a ƙirji kawai sun fi buƙatar ƙarin jini. Kada a ɗauki zubawar a matsayin madadin na jijiya.

Yayin da ake wannan gyara, a cusa goz mai ɗumi a kewayen zuciya a jira minti biyar zuwa goma. Wannan jiran shi ne mafi arha cikin duk abin da ke ɗakin, kuma sau da yawa in aka ɗaga goz ɗin, rabin wuraren sun yi shiru.

Mataki na 5: Nemo inda jinin yake fitowa

A bi wuraren da tsari ɗaya kullum don kada a manta da wani. Inda aka sa bututu a awota. Inda aka sa na ɗakin zuciya na dama. Ramin ruwan tsayar da zuciya. Ramin bututun zuƙa a jijiyar huhu ta dama ta sama, wanda ke ɓuya a baya. Layin ɗinkin awota da na ɗakin zuciya na hagu. In dashen jijiya aka yi, bakin kowane dashe sama da ƙasa, da rassansa ɗaya bayan ɗaya, da shimfiɗar da aka ciro jijiyar bayan ƙirji. Sai kitsen da ke saman zuciya, ƙarƙashin jijiyar da ta gitta a sama, ramin wuya, inda wayoyin bugun zuciya suka huda, da inda robobin fitar da jini suka shiga.

Kowane wuri a yi masa tambaya ɗaya: yana tsartuwa ko yana cika wurin da sauri? In haka ne, ka miƙa zare da facin Teflon. In babu Teflon, ɗan yanki daga jakar zuciyar marar lafiyan kansa yana yin aikin, wasu ma sun fi son sa. Reshen jijiya kilif yake so. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na mataki na gaba.

Mataki na 6: Zaɓi da sawa

Ramukan allura a layin ɗinki, jini kaɗan-kaɗan: Surgicel. A yanka daidai wurin, a ɗora shi a bushe, shafi ɗaya ko biyu, a danna da goz minti biyu zuwa uku. Zai koma baƙi-baƙi, haka yake. Kada ka jiƙa shi kafin ka miƙa, kuma kada ka zuba masa turombin, domin tsaminsa yana kashe turombin. Wannan tsamin ne kuma ke sa ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗinsa. In kana son abin da za ka jiƙa da turombin, soson jelatin ne: a tsoma, a matse iska ta fita, a ɗora.

Wuri mai lungu, ko bayan awota inda allura ba ta isa, jini kuma yana fita a hankali ba ya tsayawa: Floseal ko Surgiflo. Amfaninsu shi ne suna aiki a jiƙaƙƙen wuri. Haɗawar tana ɗaukar 'yan mintuna, don haka da ka ji likita ya fara maganarsa, ka tambaya sau ɗaya: "In buɗe?" Kuɗinsa daga aljihun iyalin marar lafiya yake fita, kada ka buɗe a kan zato. Ana narkar da turombin, a haɗa sirinji biyu baki da baki, a tura gaba da baya yadda takardar kwalin ta ce har ya zama ɗaya. A kai bakin sirinjin gindin inda jinin ke fitowa, ba saman tafkin jinin ba, a cika wurin, a ɗora jiƙaƙƙen goz a riƙe minti 2 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Busasshen goz zai manne ya taho da gudan. Bayan nan a wanke ragowar da bai kama ba da salin a hankali.

Fili mai faɗi da ke tsattsafowa, kamar a aiki na biyu inda aka ɓanɓare tabo, musamman in jinin bai gama gyaruwa ba: gam ɗin fibirin. Na firiza a narkar da shi a ruwa mai digiri 33 zuwa 37, kada ya wuce haka, kuma in ya narke ba ya komawa firiji. A tsane wurin iya tsanewa, a shafa siriri, a bar shi minti uku. Aidin da sifirit suna lalata shi. In da na'urar fesawa za a sa, a kiyaye nisa da ƙarfin iskar da kamfanin ya rubuta, domin an samu mutanen da iska ta shiga jijiyarsu ta wannan hanya.

TachoSil yana da fuska mai ruwan ɗorawa, ita ce ke kallon rauni. A ɗora ya zarce bakin raunin da santimita ɗaya zuwa biyu, a danna da jiƙaƙƙen goz minti 3. Hantsaki da safar hannu su kasance babu jini a jikinsu, in ba haka ba facin zai bi hannu ya baro zuciya. Avitene kuma busasshen hantsaki yake so, shi ya sa na ce ka ware guda biyu.

In babu gam ɗin fibirin amma akwai kirayo da turombin, ana zuba kowanne a sirinjinsa, a matsa su tare a kan wurin su haɗu a can. Bai kai na kamfani ƙarfi ba, amma yana taimakawa.

Mataki na 7: Abubuwan da ba a yi ko da wasa

Ba a taɓa tura turombin ko wani abu mai ɗauke da shi cikin jijiya. Yana daskarar da jini nan take, yana kisa. Duk sirinjin da ke ɗauke da shi ka manna masa suna, kada ya bar teburinka zuwa wajen likitan sa barci.

Da an sa ɗaya daga kayan nan a ƙirji, a ajiye sakshan ɗin inji da na na'urar wanke jini a mayar, a koma na bango har sai an wanke wurin. Garin kolajin yana iya ratsa matata ya koma jikin marar lafiya.

Kada a naɗe jijiyar da aka dasa da Surgicel ko jelatin a bar shi. Suna kumbura, kuma dashen da faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba, matsi kaɗan ya ishe shi. In jini ya tsaya, a cire ragowar. Wurin da ke da ƙwayar cuta kuma ba a barin jelatin ko kolajin a ciki.

Mataki na 8: Rufewa da miƙa marar lafiya

Kafin a ɗaure wayoyi, a bar hawan jini ya dawo kusa da inda marar lafiyan ya saba. Ɗinkin da ya yi shiru a kan 80 yana iya buɗe baki a kan 120, gara ya buɗe ana kallo. Bayan an soka wayoyin ƙashi, a ɗaga kowane gefe a duba ramukansu ta ciki, domin suna cikin wuraren da aka fi samu in an dawo da mutum tiyata. A ƙirga goz da allurai.

In an yi duk wannan jini bai tsaya ba, kuma jinin ne ya ƙi daskarewa, likita na iya cusa goz ya bar ƙashin a buɗe a rufe da leda mai tsabta, a gyara jinin a ɗakin kulawa ta musamman, a dawo a rufe bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka rubuta adadin goz ɗin da aka bari a fayil da kuma kan allo.

Ka rubuta sunan duk abin da aka sa, da lambar kwalinsa, da inda aka sa shi. Wanda aka yi daga jinin ɗan Adam dole a iya bin sawunsa. Surgicel da aka bari kuma yana iya fitowa a hoton CT kamar ƙurji mai iska a ciki, kuma in babu rubutu, wani zai iya buɗe ƙirjin a kan abin da zai narke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Wajen miƙawa, ka gaya wa nas ɗin ɗakin kulawa wurin da ya ba da wahala da abin da aka sa masa. Kowane asibiti yana da adadin da in jinin roba ya kai ake kiran likita, amma mililita 200 a awa da ya ƙi sauka awa bayan awa ba abin jira ba ne. Hefarin kan dawo aiki bayan 'yan sa'o'i, don haka a sake ACT. In kuma robar da ke ta zuba ta tsaya farat ɗaya, hawan jini yana sauka, matsin jijiyar wuya yana hawa, fitsari ya ragu, a ɗauka gudan jini ne ya toshe robar yana matse zuciya, a kira likitan tiyata nan take, a kuma jawo kayan buɗe ƙirji kusa da gado.